Ɗigo Tara da Na Share

Tun ranar da na dawo daga Duwala ba ku bar ni na huta ba. Wannan ta tare ni a ƙofar laburare, waccan ta kira ni ina tsakiyar tuƙa tuwo, tambayar dai ɗaya ce: "Hajara, ya Kamaru? An ɗauke ki?" Na gaji da ba da amsa gutsure-gutsure. Ga labarin nan gaba ɗaya, wadda ta sake tambayata bayan wannan sai dai ta koma ta karanta daga farko.

Ga waɗanda ba su san aikina ba, ni ma'aikaciyar laburare ce a Zariya, kuma shekara uku ke nan ina karatun digiri na uku a kan abin da muke kira taswirar bincike. Ana kwaso dubban takardun da masana suka wallafa a wani fanni a zuba wa kwamfuta. Kowace takarda sai ta zama ɗigo. In wata takarda ta ambaci wata a matsayin madogara, sai a ja zare tsakaninsu. Waɗanda zarensu ya yi yawa sai su dunƙule wuri ɗaya da launi ɗaya. Da mutum ya duba zai ga inda masana suka yi cincirindo da inda babu kowa. Tawa taswirar a kan binciken ruwan sha ce a biranen yankinmu, kuma ta nuna mini wani fili fetal: rijiyoyin cikin gida a cunkusassun unguwannin biranen bakin teku, babu wanda ya waiwaye su. A kan wannan filin na gina komai. Wata ƙungiyar masana ta gayyace mu Duwala, kowa ya gabatar da nasa, za su zaɓi kaɗan su ɗauki nauyin bincikensu na gani da ido har shekara guda. Wa'adin da makaranta ta ba ni saura shekara ɗaya, kuma ba ni da wata hanyar sai wannan.

Jirgin sama ya fi ƙarfina, sai na bi ƙasa. Tun a tasha rigima ta fara, direban motar Yola ya ce sai an sa jakata a but ƙarƙashin buhunan albasa. Na ce kwamfuta ce a ciki. Ya ce ko jariri ne a ciki wurin kaya daban, wurin mutane daban. Na ce to sai dai ya sa mu a but mu biyu. Fasinjoji suka ba shi baki ya ƙyale ni, amma har muka isa bai daina hararata ta madubi ba. Haka na rungumi jakar nan yini guda, cinyoyina suka mutu, duk ramin da muka faɗa sai na ji kamar shekaruna uku ne suka bugu da ƙasa.

Na kwana wurin wata ƙawata a Jimeta, da safe na kama hanyar iyaka. A ɓangaren Kamaru wani jami'i, Bafulatani dogo mai Hausa tar a bakinsa, ya duba fasfona da katin allurar shawara, sannan ya ce in kunna kwamfutar. Da ta buɗe sai ga taswirata ta cika fuskar, ja da kore da shuɗi. Ya daɗe yana kallo.

"Taswirar ina ce wannan, Hajiya?"

Ga mace ita kaɗai a bakin iyaka da taswira mai ɗigo-ɗigo, babu sunan gari ko ɗaya. Ya kira abokin aikinsa suka yi ta Faransanci suna nuna jajayen ɗigon da yatsa. Na ce ranka ya daɗe ba garuruwa ba ne, takardun masana ne. Na kawo masa misali da kasuwa, yadda masu tumatir ke zama gefe guda, masu hatsi gefe guda, ba don wani ya jera su ba sai don harkarsu ɗaya. Ya gyaɗa kai, da alama ya gane. Sai ya ce, "To wanda ya kafa teburinsa shi kaɗai can bayan kasuwa fa? Ina yake a nan?"

Na ce, "Babu irinsu." Ba ƙarya na yi niyya ba, Allah ya sani, so nake kawai ya buga hatimi in wuce. Ya buga, ya ce Allah ya ba da sa'a.

Daga Garwa zuwa Ngaundare abin da ya ba ni mamaki shi ne motarsu. Tikiti ake yanka da sunanka, a kira ka kamar a aji, ka shiga. Ni da na saba da kokawar kujera na riga na tattare zani zan kutsa, sai na ga kowa ya tsaya yana kallona. Na koma baya a hankali kamar dama miƙa nake yi. A jirgin ƙasa zuwa Yawunde wata mata ta ba ni wani dogon abu naɗe da ganye, an ɗaure shi da zare. Bobolo sunansa, rogo ne da aka jiƙa aka dafa. Na kai baki da ganyen da komai. Ta riƙe hannuna tana dariya har da hawaye, ta ware mini. Yana da ɗan tsami da danƙo, sai da na ci rabi na gane yana da daɗi.

Zafin Duwala ba irin namu ba ne. Namu yana ƙona fata, nasu jiƙa mutum yake yi, kamar ka leƙa tukunyar dambu. A tasha A'isatu ta tare ni, 'yar Gwaggo Asabe. Gwaggo Asabe kuwa 'yar ƙanin kakana ce, wanda ya tafi fataucin goro tun kafin a haifi babana bai dawo ba. A'isatu a wani ofis take aiki a unguwar Akwa, siket da ɗankwali, tana magana Faransanci na faɗo mata tsakiyar Hausa ba ta ma sani ba. "Adda, mu hau bensikin, ya fi sauri." Acaɓa ke nan. Na hau ina rungume da jaka ina salati, mai babur yana kutsawa tsakanin tasi masu launin ɗorawa kamar ya sha alwashin kashe ni.

Gidan yana New Bell, cikin unguwar Hausawa, ta wani lungu da ake tsallaka kwata a kan katako. Gwaggo ba ta taɓa taka Zariya ba, amma tana rungume ni ta ce, "Mu Zage-zagi ba a raba mu." Ta tambayi mutanen da suka rasu tun ina firamare, ɗaya bayan ɗaya, kowanne na ce ya rasu sai ta ce "ashiya", wato sannu. Aka kawo mini ndole, miyar shuwaka da gyaɗa da kifi, da soyayyar ayaba. Da safe kuma fanke da wake da kunu suke karyawa, ga burodi dogo kamar sanda da ba ya rabuwa da kowane abinci. Na ce Gwaggo ina tuwo? Ta ce tuwo sai Juma'a, don girmamawa.

Muna zaune a tsakar gida bayan la'asar ta ce, "To 'yata, me ya kawo ki har bakin teku?" Na gyara zama na yi mata bayani a sauƙaƙe. Na ce rijiyoyin unguwanni irin wannan ne babu masanin da ya taɓa bincikawa, ni ce zan fara.

Ta dubi A'isatu, A'isatu ta dube ta.

"Babu wanda ya taɓa? To Baba Mai Kwalba fa?"

Ta tashi ta ja ni zuwa rijiyar gidan, ta kawar da bokiti. A jikin simintin bakin rijiyar akwai lamba da jan fenti, ta koɗe amma tana karantuwa. Ta ce Baba Isufu ne ya rubuta, wani ɗan unguwar Kassalafam da ya yi aiki a ɗakin gwaje-gwaje. Shekara da shekaru yana zagaya gidaje da kwalabe a akwati, damina da rani, yana ɗiban ruwa. Duk rijiyar da ya ɗiba sai ya sa mata lamba. Shi ya sa aka ɗaga bakin wannan da bulo biyu, shi ya ce a matsar da masai. "Har littattafai ya rubuta da Faransanci," in ji Gwaggo. Ga shi kuwa taro jibi ne.

Washegari A'isatu ta tashi aiki da wuri ta raka ni. A can ba a tsayar da tasi a tambayi direba ina za shi. Kai za ka faɗi inda za ka ta taga yana tafiya, in ya yarda ya danna hon, in bai yarda ba ya wuce ko kallonka bai yi ba. Uku suka wuce mu, na ce wannan wulaƙanci ne, A'isatu ta ce a'a, amsa ce. Kafin mu isa Kassalafam ruwa ya kece. Muka ƙarasa a ƙafa, takalma a hannu, jakata cikin leda biyu. Duk hanya addu'a ɗaya nake yi, kuma ina jin kunyar faɗinta: Allah ya sa takardunsa ba su shiga rumbun takardu na intanet da na kwaso nawa ba. In ba su shiga ba, ba laifina ba ne, ba kuma wanda zai tuhume ni.

Baba Isufu tsoho ne siriri, fari tas gemunsa, numfashinsa yana fita da ƙyar. Na durƙusa na gaishe shi. A'isatu ta ce masa Dokta, ya ce shi ba dokta ba ne, mai wanke kwalba ne da ya iya rubutu. Da ya ji abin da ya kawo ni fuskarsa ta washe. Ya nuna wa A'isatu saman kabad, can kusa da rufi inda ruwa ba ya kaiwa in unguwa ta cika. Ta sauko da wani ƙunshi a leda. Takardu tara ne, shi da ɗalibai biyu da suka yi aiki tare da shi, a wasu ƙananan mujallu. Gefensu ya yi ruwan ƙasa saboda laima.

"Ke ce ta farko da ta zo ta tambaya," ya ce. "Mun aika, an buga, shiru. Na ɗauka ko ba su isa ko'ina ba."

Na ce Baba bari in duba. Na buɗe kwamfutar a kan tabarmarsa, na shiga ɗanyen jerin da na kwaso tun farko kafin a zana taswira, na rubuta sunansa. Suka fito reras, duka tara.

Nan take na tuna. Duk wanda ya taɓa wannan aikin ya san wurin. Kafin manhajar ta zana taswira takan tsaya ta yi tambaya: akwai takardun da ba su haɗu da sauran ba, a nuna babban rukuni kawai? Kowa "e" yake dannawa. Haka aka koya mana, haka na koya wa wasu. In ka ce a'a, taswirar takan matse ta yi muni, 'yan ɗigo su watse a gefe. Na danna "e" ɗin nan ya fi sau ɗari, ko sau ɗaya ban buɗe na ga su wa nake zubarwa ba. Takardun Baba junansu kawai suke ambata, da wasu rahotannin da ba sa cikin rumbun, kuma babu wani daga waje da ya ambace su. Filin da na gina karatuna a kai ni na share shi da hannuna.

Na sake zana taswirar a gabansa, da tambayar ta fito na danna "a'a". Babban rukunin ya matsa gefe. Can ƙasa a kusurwa, nesa da kowa, ga ɗigo tara a dunƙule.

Ya sa tabarau ya sunkuyo. "Mu ne nan?"

"Ku ne, Baba."

"Me ya kai mu can nesa?"

Na gaya masa gaskiya, har da abin da na danna. Na zaci zai yi fushi, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Sai ya ɗora yatsa a kan gilashin, ya bi ɗigon ɗaya bayan ɗaya yana ƙirgawa a hankali. "Wala," ya ce da Faransanci, wato ga shi nan. "Ashe sun isa." Ya sa aka kawo mana shayi.

A hanyar komawa A'isatu ta ce, "Adda, Baba ba ya fita, kuma babu wanda ya san shi a wurin taron nan. Ki gabatar da abinki yadda kika zo da shi. In sun ɗauke ki sai ki gyara daga baya, har ki sa sunansa." Ba mugunta ba ce, tausayina take ji. Na kira malamina a Zariya. Ya saurara, ya ce, "Hajara, tara cikin dubbai ba ta canja komai ba. Hanyar da kika bi ita kowa ke bi, babu mai kama ki da laifi. Kada ki rushe gininki ana gobe taro." Kuma gaskiyarsa ne, hanyar ba ta saɓa ƙa'ida ba. Sai dai a shafi na biyu na takardar neman da na aika wa ƙungiyar akwai jimlar da na rubuta da manyan baƙaƙe cewa babu wanda ya taɓa binciken nan, kuma ita ce ƙashin bayan buƙatata.

Abincin yamma ya gagare ni. Gwaggo ta zaci ndole ne bai karɓe ni ba, ta tuƙa mini tuwo ba ranar Juma'a ba, shi ma na kasa. Na shirya fayil biyu, tsohon da sabon, na ajiye su kusa da juna. Da asuba na je ɗiban ruwan alwala, na kawar da bokiti, ga jar lambar tana kallona. Ko a lokacin ban yanke shawara ba, kada in yi muku ƙaryar jarumta.

A wani otal a Akwa aka yi taron, ɗaki mai sanyin na'ura har haƙorana suna haɗuwa. Alƙalai huɗu a gaba, kowa da abin fassara a kunne. Waɗanda suka riga ni duk taswirarsu tsaf, launi-launi, babu ɗigo ko ɗaya a gefe. Na san abin da kowannensu ya danna. Da aka kira sunana na tashi na jona kwamfutar, fayil biyun suka fito a bango kowa yana gani. Na tsaya har wani ya yi gyaran murya. Abin da ya faɗo mini ba wani babban tunani ba ne, yatsan tsohon nan ne a kan gilashi yana ƙirga. Na buɗe sabon.

Na ce musu abin da na aiko a rubuce ba daidai ba ne. Na nuna kusurwar, na ce ga mutanen da suka riga ni da shekaru, suna nan Kassalafam, tafiyar minti kaɗan daga wannan ɗakin. Na faɗi yadda aka yi suka ɓace. Wata daga cikin alƙalan, dattijuwa mai furfura, ta ce ta gode da gaskiyata, sannan ta tambaya, "To yanzu me kike nema mu ɗauki nauyi?" Na ce a koma rijiyoyin da ya sa wa lamba a ga abin da ya canja. Ta ce shawara ce mai kyau, ina tsarin aikin? Babu. Ta ce na karanta takardun tara? Na ce da Faransanci suke, ban iya ba tukuna. Ta rubuta wani abu. Na koma kujerata gumi ya jiƙa mini baya duk da sanyin ɗakin. A wurin shan shayi mutum biyu suka zo suka tambaye ni a asirce yadda ake dawo da waɗanda aka zubar.

Ana gobe zan taho na buga sabuwar taswirar a babbar takarda na kai wa Baba. Ya sa A'isatu ta manna masa a bango kusa da gadonsa. Ya ba ni kwafin takardun tara, da wani tsohon littafi mai jerin rijiyoyin da lambobinsu da sunayen masu gidajen. Na ce Baba wannan ai ba abin bayarwa ba ne. Ya ce laima ce za ta ci shi in ya zauna. Sannan ya nuna tazarar da ke tsakanin ɗigonsa da babban rukunin.

"'Yata, yaya ake jan zaren nan?"

Na ce sai wani ya wallafa takarda ya ambace ku, ya kuma ambaci waɗancan. Ita ce za ta haɗa ku.

"Mutum ɗaya ya isa?"

"Ya isa, Baba."

"To," ya ce.

Dawowa ba ta da labari, sai dai a iyaka na duba ko zan ga jami'in nan in gyara amsar da na ba shi, ba shi ne a bakin aiki ba. Mako biyu da dawowata saƙon ƙungiyar ya zo. Ga amsar tambayarku: ba a ɗauke ni ba. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Malamina kwana uku ba ya amsa gaisuwata da kyau, yanzu ya sauko, muna neman yadda za a juya karatun kafin wa'adi ya cika. Ban san ko zai yiwu ba, kuma tsoro bai sake ni ba.

Abin da nake yi yanzu shi ne karanta takardun Baba da ƙamus, layi-layi. Inda ya gagare ni in ɗauki hoto in tura wa A'isatu, ta karanto mini da Hausarta mai gauraye. Sai na gama su zan iya rubuta tawa, kuma kun san mujalla ba ta sauri, ana iya shekara ana jira. Kowace Juma'a A'isatu takan biya ta Kassalafam, ta aiko mini da saƙo iri ɗaya: Baba ya ce a tambaye ki, an ja zaren? Ni kuma in ce ta gaya masa ana kan ja.

Juma'ar da ta wuce ma ta aiko. Da na amsa sai ta ce wannan karon ba shi ya tambaya ba, ita ce ta tambaya a madadinsa, don kwana huɗu ke nan yana kwance ba ya iya doguwar magana. Ta ce an juya masa gado yadda zai riƙa ganin bangon.

Saboda haka in kun kira ban ɗauka ba ku yi haƙuri. Ina kan takarda ta shida, saura uku.